Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙarfin ƙafa da dogon numfashi wajen matasa 'yan kokawa

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan tambayoyin kokawa ne suka cika mana akwati, kuma abin mamaki kusan dukkansu a kan ƙafa suke zagaye, shi yasa na tsinto guda biyar muka haɗa su waje ɗaya. Wasu na ɗan rage musu tsayi, ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni shekarata 17, kokawar Gireko-Roman nake koyo, abokina kuma firistayil yake yi. Kullum sai ya dinga min tsiya wai mu 'yan Gireko bamu da buƙatar ƙafa tunda doka ta hana mu taɓa ta, wai ɓata lokaci kawai nake in ina tirenin ɗin cinya. Don Allah da gaske ne? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗan'uwa abokin nan naka ya karanta doka amma bai karanta jiki ba. Eh gaskiya ne a Gireko ba a kama mutum daga ƙugu zuwa ƙasa, ba a taɗiya, ba a sa ƙafa a harɗe ta abokin karawa, a firistayil kuma duk wannan halal ne. To amma hana ka kama ƙafar wani ai bai ce ka daina tsayuwa a kan taka ba.

Ka tsaya ka duba yadda ake jifa a Gireko. Ka rungumo mutum mai nauyi irin naka ta ƙirji ko ta kwankwaso, kana so ka raba shi da ƙasa ka wuce da shi ta bayanka, hannu ba zai ɗaga wannan ba wallahi, aikin hannu kawai ya riƙe kar ya suɓuce. Abin da yake ɗagawa shi ne ka lanƙwasa gwiwa ka shigar da ƙugu ƙarƙashinsa sannan cinya da ɗuwawu da gadon baya su miƙe lokaci guda cikin ƙiftawar ido. Aleksanda Karelin na Rasha, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1988 da 1992 da 1996, abin da ya yi suna da shi kenan, mutum mai kilo 130 ya kwanta ya manne da katifa yana ƙin tashi, shi kuma ya zagaye masa ƙugu ya sunkuce shi sama ya jefar. Duk wanda ya kalli wannan ya ce babu ƙafa a ciki to ban san me yake kallo ba. Ga kuma turereniya, wadda ita ce rabin kokawar Gireko, ƙirji da ƙirji ana neman makama, duk wanda aka tura ya taka wajen da'ira an ba abokin karawarsa maki ɗaya, kuma da me ake turawa in ba ƙafa ba?

Bambancin da ke akwai shi ne yadda kowa yake kashe ƙarfin nasa. Ɗan firistayil a duƙe yake wasa, yana sauka yana tashi, sai ya zabura gaba ya faɗa cikin ƙafafun mutum, in kuma shi aka kawo wa hari sai ya watsa ƙafafunsa baya da sauri ya danne. Jodan Boros na Amurka da ya ci zinare a Landan a 2012 a ajin kilo 74, kowa ya san ƙafa biyu zai kamo amma tare shi ya gagara, saboda saurin zaburarsa. To shi ɗan firistayil ƙarfinsa gaba yake tafiya da gefe, kuma sau da yawa a kan ƙafa ɗaya. Kai kuma naka sama yake tafiya, da juyi, da dogon turi wanda tsoka take ɗaure ba ta motsi sosai amma tana cin wuta.

Masu bincike sun sha gwada ɓangarorin biyu, kuma sakamakon ba kullum yake zuwa iri ɗaya ba. Akwai wani da aka yi a Turkiyya a kan matasan 'yan kokawa aka wallafa a 2014, ya nuna 'yan Gireko sun fi ƙarfin hannu, wannan ba abin mamaki bane, amma kuma a ƙafar ma ba a bar su a baya ba, su kuma 'yan firistayil suka fi laushin jiki. Ni dai a ganina a shekarunku salon kokawa ba shi ne babban abin da yake raba ƙarfin ƙafar wannan da na wancan ba, nauyin jiki da balaga da yawan shekarun da mutum ya yi yana tirenin sun fi shi tasiri nesa ba kusa ba. Ka ci gaba da cinyarka.

TAMBAYA: Koci ina da matsala. Kusan kullum da asuba ina gudun kilomita 8 ban gajiya, amma da an shiga zagaye na biyu a kokawa sai ƙafata ta yi nauyi kamar ba tawa ba, cinya ta dinga zafi, wanda na fi shi a farko sai ya dawo ya cinye ni. Me ke damuna? Daga wani ɗan firistayil.

AMSA: Ba ciwo ke damunka ba, tirenin ɗinka ne bai yi kama da wasanka ba.

Bari in ɗan yi bayani a nan don sauran tambayoyin ma a kansa suke tsaye. Tsoka hanya uku take samun makamashi. Ta farko wani ɗan ajiya ne da ke cikin tsokar kanta, ana ce masa fosfokiriyatin, shi ne yake ba ka zabura ta farat ɗaya, amma in ka sake shi gaba ɗaya da ƙyar yake kai sakan 10. Ta biyu tsoka ta ƙona sukarin da ta adana ba tare da ta jira iskar oksijin ba, wannan ita take ɗaukarka daga nan har wajen minti ɗaya zuwa biyu na aiki mai tsanani, kuma ita ce take zuwa da zafin cinyar nan da kake ji. Ta uku ita ce ta numfashi, mai tafiya a hankali amma ba ta ƙarewa da wuri, ita kake ginawa da gudun asubarka.

Yanzu duba wasan. A dokar hukumar kokawa ta duniya, UWW, manya da 'yan ƙasa da 20 zagaye biyu suke yi na minti 3 kowanne, hutun sakan 30 a tsakani, 'yan ƙasa da 17 da ƙasa da 15 kuma minti 2 sau biyu. A cikin wannan lokacin ba tafiya ɗaya ake yi ba, zabura ce ta sakan biyar ko goma, a ɗan lafa ana neman hannu, a sake zabura, a faɗi ƙasa ana murɗa, alƙali ya busa a tashi, haka har ƙarshe. An sha auna jinin 'yan kokawa bayan wasa a samu sinadarin laktet, wanda tsoka take fitarwa in tana ƙona sukari ta hanya ta biyun nan, ya haura 15 a ma'aunin da mutum yana zaune bai wuce 1 zuwa 2 ba, kaga ba ƙaramin aiki hanya ta biyu take yi ba. Kai kuma ba ka taɓa koya wa jikinka zama cikin wannan zafin ba, kullum gudu kake mai daɗi wanda za ka iya hira a cikinsa.

Amma kar ka ji haka ka watsar da gudun, don akwai wani abu da yara da yawa basu sani ba: ajiyar nan ta farko da oksijin ake mayar da ita. Kamar ƙaramin kofi ne da randa, kofin kake sha amma daga randar ake cika shi, in randar babu ruwa sau ɗaya za ka sha shikenan. Kusan rabin ajiyar yana dawowa cikin sakan 30, cikarta kuma sai minti 3 zuwa 5, kuma mai dogon numfashi ya fi saurin mayarwa. To randarka a cike take, wannan alheri ne.

Abin da zan ce ka yi, rage gudun nesa zuwa sau biyu a sati. Sau biyu kuma ka yi gudu mai tsanani na sakan 20 zuwa 30, a kan tudu in akwai, ka huta minti ɗaya da rabi ko biyu ka sake, ka fara da sau huɗu ko biyar kana ƙarawa a hankali. Mafi amfani kuma a yi shi a kan katifa, ka tsaya a tsakiya abokai su dinga shigo maka ɗaya bayan ɗaya kowa da sabon ƙarfinsa duk bayan sakan 30, a nan ne za ka koyi kai hari ƙafa na rawa. Kar ka jera irin wannan kwana biyu a jere, kuma satin gasa a sassauta. Sannan ka binciki kanka ko kana cikin masu ƙone komai a minti na farko don a ga sun iya, don wani lokacin ba jiki bane, rashin lissafi ne.

Wani abu a gefe, ciwon jikin da kake tashi da shi washegari ko jibi ba laktet bane kamar yadda ake ta faɗa, shi cikin awa ɗaya ko makamancin haka ya bar jini. Wancan 'yan ƙananan raunuka ne a zaren tsoka suke warkewa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ina horar da yara 'yan shekara 12 zuwa 16, wasu Gireko wasu firistayil. Ina jin ana maganar gwajin keke da ake auna ƙarfin ƙafa da shi, mu kuma bamu da na'ura. Ta yaya zan gane waye ya fi ƙarfi don in san wanda zan tura gasa? Daga wani mai horarwa.

AMSA: Malam koci sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Gwajin da kake nufi shi ne na Winget, an ƙirƙiro shi a cibiyar wasanni mai wannan sunan a Isra'ila a shekarun 1970. Ana ɗora yaro a kan keken da ba ya tafiya, a sa masa nauyi kimanin kashi 7.5 cikin 100 na nauyin jikinsa, wato mai kilo 60 a sa masa kilo 4.5, ya tuƙa iya ƙarfinsa na sakan 30 ba sassautawa. Daga nan ake fitar da ƙololuwar ƙarfinsa wadda yawanci a sakan biyar na farko take zuwa, da matsakaicin abin da ya yi a duka sakan 30 ɗin, da kuma yadda ya zube daga farko zuwa ƙarshe. Akwai irinsa na hannu da ake juyawa kamar ana tuƙa keke da hannu. Gwaji ne mai wahala, ba abin mamaki bane yaro ya sauko yana jiri ko amai, don haka ko da kana da na'urar ba abin yi kullum bane.

Ba sai da ita ba. Bango da alli sun isa a auna tsallen sama, yaro ya miƙa hannu ya yi alama yana tsaye, ya yi tsalle ya sake yi, a auna tsakani, wannan gwajin tun 1921 ake amfani da shi. Ga tsallen gaba daga tsaye da ƙafa biyu, tef kawai kake buƙata. Ka kuma sa su yi da ƙafa ɗaya, dama daban hagu daban, musamman 'yan firistayil da suke da ƙafar da kullum ita ce a gaba, in ka ga tazara mai yawa tsakanin biyun to ga aikin da ke gabanka nan. Na juriyar zabura kuma a auna mita 35, yaro ya yi gudu sau 6 da hutun sakan 10 a tsakani, ka rubuta lokacin kowanne. Wanda na shidansa bai yi nisa da na farkonsa ba, shi ne zai maka aiki a zagaye na biyu.

Amma inda nake so ka yi hattara shi ne amfani da waɗannan lambobin wajen zaɓe. Na ɗaya dole a raba da nauyi, yaro mai kilo 70 ko ragon gaske ne zai fitar da ƙarfi a keke fiye da mai kilo 45, alhali ba za su taɓa haɗuwa a gasa ba. Na biyu kuma shi ne babba, balaga. Yaron da bai balaga ba tsokarsa ba ta ƙona sukari da zafi irin na babba, shi yasa ƙarfin zaburarsa yake ƙasa ko an raba da nauyi, amma kuma ya fi saurin farfaɗowa, ka lura da su za su yi kokawa su faɗi su tashi kamar ba a yi ba. Da balaga ta zo sai tsoka ta ƙaru ƙarfin ya yi tsalle. Miƙewar tsayi mafi sauri wajen shekara 14 take zuwa ga maza, mata wajen 12, sai dai wani yana riga da shekara biyu wani ya makara da shekara biyu. To kaga 'yan shekara 14 guda biyu, ɗaya har ya fara gashin baki ɗaya muryarsa ma bata buɗe ba, in ka jera su a gwajin tsalle ba kokawa ka auna ba, balaga ka auna. Masu horarwa da yawa a nan suke asarar yara masu basira, su rungumi wanda ya riga girma yana kayar da kowa da ƙarfi bai koyi dabara ba, bayan shekara uku sauran su kamo shi ya rasa abin yi.

Ka gwada kowane yaro da kansa, ka sami littafi, duk bayan wata biyu ko uku a maimaita, lokaci ɗaya na rana, bayan ɗumama jiki iri ɗaya, ka rubuta har da tsayi da nauyi. Zaɓen gasa kuma a kan katifa ake yinsa.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ɗana shekararsa 13, kocinsu ya fara sa su ɗaga ƙarfe suna tsugunawa suna tashi da shi. An ce min yana hana yaro tsayi. Kuma kwanan nan yana kukan ƙasan gwiwarsa. In hana shi? Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya raya mana shi. Maganar ƙarfe yana hana yaro tsayi tsohuwar magana ce da bincike bai goyi bayanta ba, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma a rahotonta na 2020 ta amince yara su yi irin wannan horon matuƙar akwai mai kula da ya san aikinsa. Haɗarin yana zuwa ne in aka bar yara su kaɗai suna gasar wa ya fi ɗaga mai nauyi. A shekarunsa nauyin da zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 bayansa a miƙe gwiwa bata karkata ciki ba ya isa, sau biyu ko uku a sati. Ki je da kanki wata rana ki gani, haƙƙinki ne.

Gwiwar ce ma na fi so ki kula da ita. Akwai wani ciwo da yake yawan kama yara masu wasa lokacin da suke miƙewa, likitoci na kiransa Osgud-Shilata, wajen ɗan tudun ƙashin nan da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa yake zafi har ya ɗan kumbura, saboda jijiyar cinya tana jan wajen da ƙashin bai gama ƙwari ba. Tsalle da durƙuso suna tayar da shi, kuma kin san ɗan kokawa kullum gwiwarsa a ƙasa take. Yawanci yana wucewa in girma ya kammala, amma ni ba zan ce shi ne ba daga wasiƙa, a kai shi likita ya duba, kuma a gaya wa koci ya rage masa tsalle da faɗawa kan gwiwa kafin nan. In gwiwar ta kumbura gaba ɗaya, ko tana maƙalewa, ko yana ɗingishi, ko zafin na tashinsa da dare, to kar a jira sati.

TAMBAYA: Yaya ni mace ce 'yar shekara 16, nauyina kilo 57 ina so in sauka ajin 53 saboda ance can ya fi sauƙi. Saura sati biyu. Ƙawata tace in daina shan ruwa in sa leda in yi gudu. Zai rage min ƙarfi? 

AMSA: Ƙanwata kar ki yi, kuma ki ce da ƙawar taki ita ma ta daina. Kilo 4 kusan kashi 7 cikin 100 na jikinki kenan, a sati biyu ba kitse za ki zubar ba, ruwa ne da sukarin da tsoka ta adana, wato ainihin abin da zaburarki ta dogara a kai. Abin da yake yaudarar mutane shi ne tsalle ɗaya ko hari ɗaya ba lallai ya ragu ba tunda jikin ya yi sauƙi, sai ki ce ai lafiyata ƙalau, amma hari na biyar da na shida da wasa na uku a rana ɗaya a nan ƙafa take mutuwa. Kuma tun 2018 a gasannin UWW da safiyar ranar wasa ake hawa sikeli, babu dogon lokacin da za ki mayar da abin da kika zubar kamar da.

Ba maganar maki kaɗai bace. A ƙarshen 1997 ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa suka rasu a Amurka cikin makonni kaɗan, dukkansu suna ƙoƙarin zubar da nauyi ta hanyar gumi da ƙin shan ruwa. Bayan nan ne aka haramta rigar roba da ɗakin zufa a gasannin makarantunsu, aka sa doka kar ɗalibi ya rage sama da kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa a sati, kuma a sakandare kitsen jiki kar ya sauka ƙasa da kashi 7 ga maza, 12 ga mata. Da wannan lissafin ke ƙasa da kilo ɗaya ne a sati, kinga sati biyu ba zai kai ki ba. Ga shi kina shekarun da ƙashi yake ginuwa, yunwa mai yawa tana iya ɗauke al'ada, in hakan ta faru a ga likita kar a ɗauke shi abin wasa.

Ki yi wannan gasar a 57 da cikakken ƙarfinki. In har ke da kocinki kun ga 53 ce ta dace da ke, a fara shirin wata biyu ko uku kafin gasa ta gaba, da sanin iyayenki da shawarar likita.